Shuɗin zoben ya goge cikin wata 4: laifin ƙarfe ne ko na mai ƙira?

Mai Zoben Shuɗi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara, kuma gaskiya abin ya dame ni. Na yi wa wata mata zoben titaniyam, wani ƙarfe mara nauyi mai ƙarfi, na ba shi launi da lantarki, shuɗi mai zurfi da ke karkata zuwa shunayya a gefe. Ranar da ta karɓa sai da ta ɗaga shi ga haske tana jujjuyawa, ta kasa ajiyewa. Jiya ta dawo da shi, wata 4 kacal. Saman yana nan da kyansa, amma ƙasan, inda yake haɗuwa da tafin hannu, ya koma fari-fari kamar ba a taɓa yi masa komai ba. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Na ɗauka launin a jikin ƙarfen yake." Wannan maganar ce ta hana ni barci. A ina na yi kuskure, wajen wanke ƙarfen ko wajen ba shi wuta?

Tsohon Maƙeri:
Wa alaikumus salam 'yata. Ba ki yi kuskure a wanki ba, ba ki yi a wuta ba. Matar ta riga ta faɗa miki inda matsalar take. Launin ba a jikin ƙarfen yake ba. Ni tun da na fara riƙe awartaki abin da na sani shi ne, in kana son jan zinari ka ƙara masa jan ƙarfe, in kana son mai ɗan kore-kore ka ƙara azurfa. Ka narka, ka zuba, ka buga. Ko zarto ka sa ka raba shi biyu, launin da ke waje shi za ka tarar a ciki. Wannan na ku na zamani kwalliya ce a fatar ƙarfe, kuma zobe ba ya zama a akwati, a hannu yake kwana yake tashi. Ban hana kowa gwaji ba, amma abin da za ka miƙa wa mutum ya sa kullum, ya kamata ya fi ka tsawon rai.

Ɗalibin Ƙira:
Baba, to ashe fenti ne ke nan? Ni na ɗauka wani ruwa ake tsoma shi ya sha kamar rini.

Malamin Sinadarai:
A'a ɗan'uwa, babu fenti babu rini, ko ɗigo. Bari in ɗan tsawaita, don wanda bai gane wannan ba zai yi ta maimaita abin da ya sami 'yar'uwarmu.

Idan ka tsoma titaniyam cikin ruwan da ke ɗaukar lantarki, ka haɗa shi da ɓangaren fos (+) na na'urar lantarkin, iskar oksijin tana kama fuskarsa ta gina wani siririn ɓawo. Ɓawon nan garai yake kamar gilashi, ba shi da launin kansa. Haske in ya sauka, wani kaso yana dawowa daga saman ɓawon, wani ya ratsa ya bugi ƙarfen sannan ya dawo. Wajen haɗuwarsu wasu launuka suna kashe juna, wasu suna ƙarfafa juna, sai ido ya ga abin da ya rage. Shi ne dai abin da kake gani a kumfar sabulu, ko in mai ya zuba a kan ruwa. Kaurin ɓawon ne ke zaɓen launi, ƙarfin lantarki kuma shi ke zaɓen kauri. Wajen bolt 10 zuwa 15 za ka ga ruwan ƙasa, kusa da 20 shunayya mai duhu, 25 zuwa 30 shuɗi, wajen 55 zuwa 60 rawaya, sama da haka ruwan hoda, kore kuma sai ka doshi 100. Lambobin suna ɗan motsawa gwargwadon ƙarfen da ruwan da kake aiki da su. Ja na gaske kuwa ba ya fitowa ta wannan hanyar, haka ma baƙi.

To ga inda gizo ke saƙar. Ko ɓawon da ya fi kauri a cikinsu bai kai kashi 1 cikin 100 na kaurin silin gashin kai ba, kuma shuɗin da kika zaɓa yana cikin mafiya siranta. Rana ba ta kashe shi, ruwa ba ya wanke shi, amma gogayya tana cinye shi. Riƙe makulli, murɗa hannun ƙofa, kama sitiyari, kowanne yana ɗebe kaɗan.

Mai Zoben Shuɗi:
Malam na gode. To amma akwai lokacin da launin kan dushe ko a kan 'yan kunne, waɗanda ba sa gogar komai. Shi ma cinyewar ce?

Malamin Sinadarai:
Wannan daban ne, kuma yana da sauƙi. Maiƙon yatsa ko man shafawa ne ya hau kan ɓawon ya ƙara masa kauri, sai lissafin hasken ya rikice. Ki wanke da ruwan sabulu ki goge da tsumma mai laushi, zai dawo tas. Saboda wannan dalilin ne ma ba a shafa wa titaniyam banish ko kaki don a kare shi. Kana shafawa launin zai mutu a gaban idonka.

Mai Rina Sanholo:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja a maganarka. Farin zinarin da ake sayarwa a duk duniya fa? Yawancinsa ai rufi ake yi masa da wani farin ƙarfe, rodiyam, don ya yi farin nan mai ƙyalli. Bayan wani lokaci ƙasan zoben sai ya fara nuna rawaya-rawaya, a mayar wa maƙeri ya sake rufewa. Ban taɓa jin an ce masu zinari suna yaudara ba. Azurfar da kuke baƙanta ramukanta don zane ya fito, ita ma ai a fata baƙin yake. Don me titaniyam kaɗai za a ɗora wa laifi?

Tsohon Maƙeri:
Kin kawo magana, 'yata. Na yarda da na rodiyam, kuma ni kaina ban cika son sa ba saboda wannan dalilin. Amma ki duba azurfar da kika ambata. A ina muke sa baƙin? A cikin rami. Mukan baƙanta duka, sannan mu goge tudun mu bar kwarin. Hannu yana goge tudu kullum, yana ƙara masa haske, kwarin kuma hannu ba ya kai masa. Shi ya sa zoben azurfa mai zane yake ƙara kyau in ya tsufa. Ita kuwa ta ɗauki launi ta shimfiɗa shi a kan tudu, a wurin da ya fi ko'ina shan wahala.

Mai Zoben Shuɗi:
Baba, wallahi wannan maganar ta shige ni. Ban taɓa tunanin abin ta fuskar tudu da kwari ba. Ni dai launin ne ya ɗauke min hankali, na so ya mamaye zoben gaba ɗaya.

Ɗalibin Ƙira:
Tunda an zo kan baƙanta azurfa, don Allah a taimaka min. Na gwada ruwan farar wuta ɗin nan, wato ruwan maganin nan mai farar wuta a ciki da ake baƙanta azurfa da shi, na tsoma abin wuya sau ɗaya ya yi baƙi ƙirin, washegari baƙin ya dinga ɓarewa kamar ɓawon bango.

Tsohon Maƙeri:
Ka yi gaggawa ne, yaro. Ruwanka ya yi kauri, kuma ka bar shi ya daɗe a ciki. Ɗan gutsuren maganin kaɗan za ka jefa a ruwan ɗumi, har ruwan ya yi rawaya mai haske kawai. Ka wanke azurfar sosai kada maiƙo ya saura. Ka tsoma, ka ciro, ka ɗauraye, ka goga da burushi mai laushi, ka sake tsomawa. Za ka ga tana bi daki-daki: ruwan zinari, sai ja-ja, sai shunayya, sai shuɗi, daga nan toka, daga nan baƙi. Baƙin da aka gina sannu a hankali shi ke kamawa. Launukan tsakiyar nan kuwa kada ka yi wa kowa alkawari a kansu, da kansu suke tafiya zuwa toka.

Mai Kula da Zaure:
Kafin a ci gaba, tunda akwai masu koyo a nan. Kada wanda ya bari ruwan farar wuta ya haɗu da asid ɗin da ake wanke azurfa bayan liƙi. Haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba. A yi aikin inda iska ke shiga tana fita. Masu titaniyam kuma, bolt 100 a cikin ruwa ba abin wasa ba ne: safar roba a hannu, a kashe na'ura kafin a taɓa komai, kada fos (+) da nagetif (−) su haɗu cikin kwano. Asid ɗin haidurofulorik da aka saba wanke titaniyam da shi yana ratsa fata ba tare da an ji zafi nan take ba, ya je ya yi ɓarna a ciki. Wanda ba shi da horo da kayan kariya kada ya kusance shi. Akwai magungunan wanki masu sauƙin haɗari da aka yi domin wannan aikin.

Mai Son Tarihi:
Ni ba maƙeri ba ne, mai karatu ne kawai, amma musun Baba da Yaya mai sanholo ya tuna min da Japan. Maƙeran da ke yi wa takubba ado a can sun haɗa hanyoyin biyu wuri guda, launi daga ciki da launi a fata. Suna da wani gami da suke kira shakudo, jan ƙarfe ne da aka sa wa zinari kaɗan, 'yan kashi cikin 100. In ka gan shi ɗanye ba za ka bambanta shi da jan ƙarfe ba. Sai an dafa shi cikin wani ruwa da ake haɗawa da garin rokusho, sannan ya koma baƙi mai ɗaukar ido da shuɗi-shuɗi a ciki. Akwai shibu'ici, ma'anar sunan "kashi ɗaya cikin huɗu", wato azurfa kashi ɗaya jan ƙarfe uku, shi kuma toka yake bayarwa. Abin da ya burge ni, launin a fata yake kamar yadda Baba ya ce, amma gamin da ke ciki ne ya haife shi. Sukan jera ƙarafa daban-daban a abu ɗaya, su dafa a tukunya ɗaya, kowanne ya fito da nasa launin.

Daga nan ne mokume-gane ta fito, wadda ake danganta wa Denbei Shoami a ƙarni na 17: a jera faranti-faranti na ƙarafa, a haɗe su da zafi da matsi, a sassaƙa a buga har zanen ya fito kamar jijiyar katako. Da gwamnatin Japan ta hana yawo da takobi a 1876, masu wannan sana'a suka koma yin kayan ado. A shekarun 1970 Hiroko Sato Pijanowski da Gene Pijanowski suka yi aiki sosai wajen shigar da ita cikin ƙirar zamani a Amurka.

Tsohon Maƙeri:
Yawwa! Ka ga wannan ita ce ƙira. Launi daga ciki. In za a yi zobe mai launi, a yi irin wannan.

Malamin Sinadarai:
Baba, a nan ma akwai tarko. Idan mokumen na jan ƙarfe da azurfa ne, ko shakudo da zinari, aka yi zoben sawa kullum da shi, gumi yana zama kamar ruwan batir a tsakaninsu. Ƙarafa biyu mabambanta suna manne, ga ruwan gishiri, sai lantarki ɗan kaɗan ya fara gudana, jan ƙarfen ya dinga cinyewa yana barin ramuka. Shi ya sa masu yin zoben aure na mokume da yawa suka koma haɗa zinari kala-kala da farin ƙarfen nan faladiyam da makamantansu, suka bar masu jan ƙarfe ga abin wuya da 'yan kunne. Sannan launi daga ciki ma yana da iyaka. Akwai zinari shunayya na gaske, zinari wajen kashi 79 da sanholo wajen kashi 21, har cikinsa shunayya ne. Amma ka buga masa guduma ya tarwatse kamar tangaran. Dole sai dai a yanka shi a dasa kamar dutse.

Tsohon Maƙeri:
Ban san da na gumin nan ba, Malam. Na ƙaru. Amma ka lura, ko shi shunayyan dasa shi ake yi a kewaye shi da ƙarfe mai jurewa. Maganata ta ɗazu ce ta dawo.

Mai Rina Sanholo:
Bari in yi wa nawa ƙarfen magana, don mutane suna haɗa shi da titaniyam alhali ba ɗaya ba ne. Sanholo shi kam rini yake sha na gaske. Ana ba shi lantarki cikin asid ɗin salfa, ɓawon da yake yi yana da ƙananan ramuka masu ɗimbin yawa, kuma ya ninka na titaniyam kauri sau da yawa. Kafin ramukan su rufe yana shan launi kamar farin yadi. Za ka iya tsomawa, ka zana da burushi, ka buga tambari, ka sa ja na gaske wanda mai titaniyam ba zai taɓa samu ba. In ka gama ka tafasa shi a ruwa, ramukan su toshe, launin ya kulle a ciki. Wanda yake son ganin inda za a iya kaiwa da wannan ya nemi ayyukan Jane Adam ta Ingila, ta daɗe tana yi tun shekarun 1980.

Na tuna awarwaron farko da na fitar daga tukunya. Na ɗiga shuɗi a gefe ɗaya, ja a ɗaya gefen, na karkata farantin, suka gangaro suka haɗu a tsakiya suka yi wani launi da har yau ban iya maimaita shi ba. Aibinsa kuwa ba na ɓoyewa: wasu rinin rana tana kashe su a hankali, kuma in ka lanƙwasa bayan ka rina, ɓawon yana tsattsagewa. Ni yanzu tsagewar nake nema da gangan, tana ba fuskar wani sheƙi kamar fatar kifi.

Mai Saye:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni mai saye ce ba mai ƙira ba. Ina da 'yan kunnen niyobiyam, wani ƙarfe da shi ma ake ba launi da lantarki kamar titaniyam, da na daɗe ina sawa, saboda kunnena ba ya jure duk abin da ke da nikel, nan da nan sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Waɗannan kuwa ko sau ɗaya ba su dame ni ba, kuma korensu yana nan. Abin da nake so ku sani, mu masu saye ba ma tsoron abu ya canza. Abin da ke ɓata mana rai shi ne ya canza ba a faɗa mana ba. Da wadda ta sayi zoben nan an ce mata, "Ƙasan zai goge, in ya goge ki kawo a sabunta," da ta dawo da fara'a. Ta yiwu ma da ta zaɓi abin wuya tun farko.

Mai Zoben Shuɗi:
Hajiya gaskiyarki. Ban faɗa mata ba, don ni kaina ban san zai yi saurin haka ba. Na karanta cewa launin ba ya koɗewa, na ɗauka ba ya gogewa ke nan.

Ɗalibin Ƙira:
Yaya, to me zai hana ki sake ba shi wuta kawai ki mayar mata?

Mai Zoben Shuɗi:
Zan iya, aikin minti kaɗan ne. Amma bayan wata 4 za ta sake dawowa. So nake in gyara zanen.

Malamin Sinadarai:
To ga abin da zan ba ki shawara, kuma dabarar Baba ce zan ara. Hanya ta farko, ki fafe kwari a tsakiyar zoben titaniyam ɗin, ki ba shi launi duka, sannan ki goge gefunan biyu su koma launin ƙarfe. Shuɗin ya zauna a ƙasa inda makulli ba ya kai masa. Ta biyu, ki yi zoben da azurfa mai baki biyu masu ɗan tudu, ki sa siririn niyobiyam a tsakiya. Niyobiyam ya fi titaniyam laushi, yana lanƙwasuwa ba gardama, ba ya bukatar wankin asid ɗin nan kafin ya ba da launi mai haske. Sai dai ki kula da abu biyu. Ba ya karɓar liƙi irin na azurfa, shi da titaniyam duka, sai dai ki danne bakin azurfar a kansa ko ki kama shi da ƙusa. Kuma ki ba shi launi kafin ki haɗa, don in azurfa ta shiga ruwan tare da shi za ta janye lantarkin, launi ba zai hau ba, ita ma ta lalace.

In kina son launi biyu, ki fara da mai bolt da yawa. Ki rufe inda ba kya so da tef, ki ba shi na sama, ki cire tef ɗin, ki ba shi na ƙasa. Ƙaramin bolt ba ya taɓa abin da babba ya riga ya gina. Haka masu titaniyam na Ingila irin su Edward de Large suka dinga fitar da hotuna sukutum a kan ƙarfe tun shekarun 1970, kuma ki lura yawancin aikin a kan abin maƙalawa a riga da abin wuya ne.

Tsohon Maƙeri:
'Yata, in za ki danne bakin azurfa a kan abin da ya riga ya sha launi, ki manna tef a kan launin tukuna. Magogin da kike danne bakin da shi in ya zame sau ɗaya ya ja layi, shi ke nan. Kuma ki sa bakin ya yi kauri, kada ki yi rowar azurfa. Shi ne zai ɗauki dukan shekaru.

Mai Zoben Shuɗi:
Na dawo da labari, 'yan zaure. Na yi gwaji kafin in taɓa nata. Na yanka zobe biyu na titaniyam, ɗaya sumul kamar na farko, ɗaya na fafe masa kwari mai zurfin rabin milimita, na ba su shuɗi iri ɗaya a bolt 25. Na zuba su a gwangwani tare da tarin makullai, ina girgizawa safe da yamma kwana 10. Mai sumul ɗin ya yi fari a gefuna, duk jikinsa ƙananan layuka. Mai kwarin gefunansa sun sha karce, amma shuɗin yana kwance a ciki lafiya, sai wuri ɗaya da haƙorin makulli ya samu shiga. Ina ganin kwarin ya yi faɗi, zan rage shi.

Na kira matar na nuna mata su biyun, na faɗa mata duk abin da Malam ya bayyana game da ɓawon. Ta zaɓi mai kwarin, ta kuma ce in bar mata tsohon yadda yake, za ta sa shi a sarƙa. Na rubuta mata a ƙaramar takarda yadda ake wanke shi da abin da zai iya goge shi, kuma daga yau kowane zobe da takardarsa zai fita.

Baba, na gwada na azurfa da niyobiyam ma, amma bakin yana yi min kunya wajen dannewa, gefe ɗaya ya kwanta ɗaya ya tashi. In fara daga ina?

Tsohon Maƙeri:
Kada ki bi shi a jere. Ki danne nan, ki tsallaka kishiyarsa ki danne, sannan dama, sannan hagu, kamar mai ɗaure tayar mota. Sai ki cike tsakanin. Kuma ki gasa azurfar ta yi laushi kafin ki sa niyobiyam ɗin, don bayan ya shiga, wuta ta haramta. Ki turo hoton in kin gama in gani.